Rubutaccen shiri: Yadda ake saita zaren furoton a injin LHC, da abin da ya haɗa shi da injin gashin kansa

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, da kuma 'yan uwanmu na ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan waɗanda sai sun hau tudu suke samun sabis.

Yau kimiyya za mu taɓa, kuma za mu yi nisa kafin mu dawo gida. A kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janiba, akwai cibiyar bincike da ake kira CERN. A can ne aka haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen mita 100, zagayensa kilomita 27, aka shimfiɗa injin da ake kira LHC. Aikinsa shi ne ya ɗauki furoton, wato ɗan ƙaramin abin da ke cikin tsakiyar ƙwayar zarra, ya kora shi da gudun da ya kusa kai na haske, wasu ta dama wasu ta hagu, sannan a gwara su a wurare huɗu a ga abin da zai fito. Da wannan injin aka gano ƙwayar Higgs, aka sanar ranar 4 ga Yuli 2012. Wannan labarin da yawanmu mun ji shi. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne aikin mutanen da ke kwana suna saita injin kafin a gwara komai, kuma shi nake so mu duba.

Furoton ɗin ba ɗaiɗai ake kora su ba. Ƙulli-ƙulli ake yi, kowane ƙulli da furoton sama da biliyan 100, kuma ƙullin kan haura 2,000 a jere, ɗaya na bin ɗaya. Bari mu kira wannan jerin da zare, don siriri ne. Kowane daƙiƙa ɗaya yana zagaye ramin sau 11,245, a cikin bututun da faɗinsa bai kai na gwangwanin madara ba, kuma zai yi awa goma ko fiye yana wannan zagayen. Ƙarfin da zare ɗaya ke ɗauke da shi, a yadda aka tsara injin, ya kai megajul 362. Na zauna na lissafa: kamar tirela sama da 20 ne, kowace da lodin tan 40, suna gudun kilomita 100 a awa. To ka ga idan wannan abu ya goga jikin bututu, ba maganar faci ake yi ba.

Me ke riƙe shi a hanya? Maganaɗisu. Akwai manya guda 1,232, kowane tsawon mita 15, aikinsu lanƙwasa zaren ya bi da'ira. An sanyaya su da hiliyom har kusan digiri 271 ƙasa da sifiri. Amma lanƙwasawa kaɗai ba ta isa ba. Furoton ɗin ba sa tafiya a layi ɗaya cif. Wani ya ɗan karkata sama, wani gefe, kamar garken shanu a burtali. Idan babu mai tare su, kafin a je ko'ina sun bazu cikin gonar mutane. Masu tarewar su ne wasu maganaɗisun masu baki huɗu, manyansu guda 392, ban da ɗaruruwan ƙanana. Su ne ke yi wa zaren abin da gilashin tabarau ke yi wa haske, wato su tattara shi wuri ɗaya. Shi ya sa masu wannan fannin suka aro kalmomin masu tabarau, duk da babu gilashi ko ɗaya a cikin bututun.

Sai dai maganaɗisu mai baki huɗu yana da wani hali. Ɗauki ledar fiya wata ka matse ta ta gefe biyu, ai sai ta kumburo ta sama da ƙasa. Haka yake yi: idan ya matse zaren ta dama da hagu, sai ya baza shi ta sama da ƙasa. Dabarar da aka samo ita ce a jera su bi da bi, wannan ya matse ta gefe, na gaba ya matse ta sama, kuma idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai, jimillar abin sai ta zama matsewa ta kowane ɓangare. Masana uku a cibiyar Brookhaven ta Amurka, Courant da Livingston da Snyder, su suka wallafa wannan a 1952. Daga baya aka gano cewa wani Bagirke mai suna Nicholas Christofilos ya riga su da 'yan shekaru. Shi aikin lif na benaye yake yi a birnin Atina, kimiyyar kuma a gefe ya koya wa kansa, ya aika wa masana a Amurka da rubutunsa ba su kula ba. Ku dubi bambancin da dabarar ta kawo: injin da Rasha ta gina a Dubna a 1957 da tsohuwar hanya, ƙarfen maganaɗisunsa tan 36,000 ne. Wanda CERN ta kunna a 1959 da sabuwar hanya ya fi shi ƙarfi kusan sau uku, nauyinsa kuma wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan.

Yawwa. Tunda ana matsewa ana saki, kowane furoton lilo yake yi yana tafe, dama da hagu, sama da ƙasa, kusan sau sittin a kowane zagaye. Wannan adadin lilon ba a yarda ya zama cikakkiyar lamba, kamar 60 cif ko 60 da rabi. Dalili? Duk wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya sani: idan kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ko da ɗan yatsa kake turawa, sai lilon ya yi ta ƙaruwa har yaron ya fara ihu. Idan akwai ɗan kuskure a maganaɗisu ɗaya, kuma furoton yana iso shi a yanayi iri ɗaya kowane zagaye, sau dubu goma sha ɗaya a daƙiƙa, ƙaramin kuskuren nan zai taru ya jefar da shi waje. Shi ya sa a LHC ake ajiye ɓurɓushin lambar a wajen 0.31 da 0.32 lokacin karo.

Faɗin zaren a kowane wuri ana bayyana shi da wata lamba da suka sa wa sunan harafin Girka, beta. Inda beta ke da girma, zaren ya yi faɗi. Inda take ƙarama, ya tsuke. A wurin karo ana so ya tsuke iya tsukewa, don furoton su cunkushe su yi ta haɗuwa. A takardar farko an tsara beta ta zama santimita 55 a wurin, a 'yan shekarun nan an sauko da ita har 30. A nan zaren ya fi gashin kai siranta sau huɗu ko biyar. Amma komai da farashinsa: kafin ka tsuke shi haka, sai ya yi faɗi sosai a cikin maganaɗisun ƙarshe da ke gab da wurin karon, inda beta ke kai kilomitoci. A irin wannan wurin, kuskuren ƙarfin maganaɗisu na 'yan kaso cikin dubu goma ya isa ya hargitsa faɗin zaren a duk kilomita 27 ɗin.

Ga inda maganar take. Injiniyoyi sun zana injin a kwamfuta, sun san beta da ya kamata a samu a kowane taku. Amma abin da aka ƙera bai taɓa zama daidai da abin da aka zana ba. Wani maganaɗisun ya ɗan fi ƙarfi, wani an ajiye shi ya goce da ɗan kaso na milimita, wani ya ɗan jirkice. Tazarar da ke tsakanin betar takarda da betar gaske ita ake aunawa. A LHC, idan aka tsuke zaren ba a yi gyara ba, tazarar nan takan kai kashi 100 cikin 100 a wasu wurare, alhali abin da aka ce injin zai iya jurewa bai wuce wajen kashi 20 ba. Wato injin biliyoyin daloli, wanda manyan injiniyoyin duniya suka haɗa, ba ya amfanuwa a yadda aka sauke shi. Sai an auna an gyara, kuma duk lokacin da aka dawo daga dogon hutu ko aka canja tsarin tsukewa, sai an sake.

Yaya ake aunawa, tunda ba mai iya leƙa cikin bututu? An jera na'urori kusan 1,000 a jikinsa, sama da 500 ga kowane zare, kowace tana jin wucewar ƙullin furoton ta faɗi ko ya karkata dama ko hagu, da nawa. Bari mu kira su kunnuwa. Ranar awo ba a cika injin. Ƙulli ɗaya ake sakawa, ɗan ƙarami, wanda ko ya ɓace ba zai yi ɓarna ba. Sai a kunna wani maganaɗisu na musamman da ke girgiza zaren a hankali, ya ɗaga lilon zuwa milimita ɗaya ko biyu, ya riƙe shi na zagaye 6,600, sannan ya sauke shi a hankali. Duk wannan bai kai daƙiƙa biyu ba. Kunnuwan nan kuma kowace ta rubuta abin da ta ji a kowane zagaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba girman lilon suka fi dogara da shi ba, don kunne na iya ƙara gishiri ko ya rage. Lokacin lilon suke bi. Kun san lugude, mata uku a turmi ɗaya? Ko kana bayan katanga ba ka ganinsu, kunnenka zai gaya maka idan ɗaya ta makara da taɓaryarta, har ka iya cewa ta biyun ce. To haka ake yi a nan. Ana ɗaukar kunnuwa uku ko fiye da ke maƙwabtaka, a duba tazarar lokacin da lilon ya kai ƙololuwa a wajen kowace, a gwada da abin da takarda ta ce. Daga wannan tazarar lissafi ke fitar da beta. A daidai wurin karo kuwa, inda babu damar sa kunne saboda manyan na'urorin bincike sun cika wurin, wata dabarar ake yi: a ɗan ƙara wa maganaɗisun ƙarshe wuta, a ɗan rage, a ga yadda adadin lilon ya motsa. Gwargwadon motsin, gwargwadon betar wurin. Wannan awon ba na wasa ba ne, don manyan ƙungiyoyin bincike biyu, ATLAS da CMS, kowace tana wurin karo daban, kuma idan zaren ya fi tsukewa a wajen ɗaya, ta fi ɗayar samun bayanai ke nan. Rabon gado ne, dole a yi shi da sikeli.

Gyaran kuma hawa biyu ne. Da farko a yanki injin gunduwa-gunduwa a kwamfuta, a bi kowane yanki a ga daga ina gaskiya ta fara rabuwa da takarda, kamar mai bin lambatu a fadama yana neman inda ruwa ke zurarewa. In an gano maganaɗisun da ke da laifi, sai a canja wutar da ake ba shi. Bayan nan sai a bar kwamfuta ta rarraba ƙananan gyare-gyare a kan maganaɗisu masu yawa lokaci ɗaya, don share abin da ya rage. A sake aunawa. In bai yi ba, a sake.

An fara zagaya zare a LHC ranar 10 ga Satumba 2008. Bayanan da masu awo suka samu a kwanakin nan na zagaye 90 ne kacal, amma da su suka nuna wani ƙaramin maganaɗisu guda suka ce matsalar daga nan take. Da aka duba, ashe wayoyinsa aka juya, na bututu ɗaya aka haɗa wa ɗayan. Irin kuskuren da mai wayarin gida zai yi a Hunkuyi, shi aka yi a Janiba. Kwana tara bayan kunnawar, wani haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ya ƙone, hiliyom tan shida ya tsere, sai da aka ciro maganaɗisu 53, injin bai dawo ba sai Nuwamba 2009. Daga nan masu awo suka ci gaba da matse kuskuren: a 2012 mafi munin wuri ya sauko wajen kashi 7, a 2016 kuma matsakaicin kuskuren ya koma ƙasa da kashi 2. Su kansu kunnuwan wasu kan lalace su riƙa ba da labarin ƙarya, har sai da aka koya wa kwamfuta ta riƙa tsamo maƙaryatan kafin a yi lissafi.

Wani ɗan ratse, don yana da daɗi. Kafin LHC, wani injin mai suna LEP ne a ramin, daga 1989 zuwa 2000. Masu awonsa sun ga ƙarfin zaren yana hawa yana sauka sau biyu a rana. Ashe wata ne: jan da yake yi wa ƙasa yana canja tsawon ramin da wajen milimita ɗaya cikin kilomita 27. Sun gyara lissafi, sai ga wani motsin da ke zuwa da safe ya lafa da tsakar dare. A 1995 aka gano jiragen ƙasa masu lantarki ne da ke tashi daga Janiba. Wutar da ke zurarewa daga layin dogo tana bi ta ƙasa ta shiga bututun injin.

To, mu dawo gida. Wani zai ce, mu da ke fama da kuɗin taki da tumatir na ruɓewa a kwando, ina ruwanmu? Duk wanda ya taɓa ajiye lasifika kusa da tsohuwar talabijin mai doro ya ga kala ta rikice, ya riga ya taɓa wannan ilimin da hannunsa, don a cikinta ma zaren lantarki ne maganaɗisu ke saitawa. Amma inda abin ya shafi rai shi ne asibiti. Injin gashin ciwon daji na zamani, wanda ake ce wa linak, ƙanin LHC ne. Yana kora lantarki a bututu mai tsawon mita ɗaya ko makamancin haka, a yawancin manyansu maganaɗisu ya lanƙwasa zaren ya sauko kan ƙarfe, daga nan haske mai ƙarfi ya fito ya gasa ƙarin. Alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 sun nuna sama da mutum dubu 120 ne ke kamuwa da kansa a Najeriya a shekara, kusan dubu 80 ke rasuwa, kuma wajen rabin masu cutar suna buƙatar gashi. Injinan da ke ƙasar kuwa da yatsun hannu da na ƙafa za ka ƙirga su. Mutumin Ikara ko Makarfi ko Kudan, Shika ake fara tura shi, asibitin koyarwa na ABU, wani kuma har Abuja ko Sakkwato. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar kansa a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, abin farin ciki ne.

Ga abin da ke faruwa idan aka tsallake awo. A Disamba 1990, a wani asibiti a birnin Zaragoza na ƙasar Sifen, linak ya daina fitar da zare. Matsalar tana wajen wutar maganaɗisun da ke lanƙwasa zaren, ta maƙale a ƙarshen ƙarfinta. Mai gyara bai gano haka ba, sai ya yi ta ɗaga ƙarfin zaren har ya dace da maganaɗisun, zare ya fito, aka ce an gyara. Ba a kira masu awo sun gwada ba, aka ci gaba da gashi. Allurar injin tana nuna 36 ko da an zaɓi 7 ko 10, ma'aikata suka ɗauka allurar ce ta maƙale. Kwana goma aka yi a haka. Mutum 27 aka gasa da ninkin-ba-ninkin abin da likita ya rubuta, aƙalla 11 suka rasu sanadiyyar haka. Wannan a Turai ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa sau biyar a yini.

A ƙa'ida, gashin da ya isa jikin majiyyaci bai kamata ya kauce wa abin da likita ya rubuta da fiye da wajen kashi 5 ba. Don haka kowace safiya ana gwada injin kafin mutum na farko ya kwanta, kowane wata a yi awo mai zurfi, kowace shekara a sa tankin ruwa a ƙarƙashinsa a bi zaren lungu-lungu. Ko tsohon injin kobal, wanda ba ya kora komai, ƙarfinsa na raguwa da wajen kashi 1 kowane wata, don haka lissafin mintunan gashi dole ya riƙa canjawa. Mai wannan aikin ba likita ba ne, ba nas ba ne. Masanin fiziks ne na asibiti. A ganina nan ne muke da rauni. Mun iya bikin yanke kyalle, mun iya hoton injin da gwamna a gefe. Amma ban cika jin ɗan majalisa ya tambayi masu awo nawa aka ɗauka, ko nawa aka ware wa kayan awo da kwangilar gyara na shekara biyar masu zuwa ba. Duk wanda zai je taron jin ra'ayi kan kasafin lafiya, ga tambayoyi nan kyauta. A ƙara da wannan: yaushe rabon da a kai na'urar awon asibitin a gwada ta a cibiyar kariya daga tururin nukiliya da ke Jami'ar Ibadan, wadda ke ƙarƙashin hukumar NNRA? Hukumar IAEA ma tun 1969 take aika wa asibitoci ƙananan na'urori ta gidan waya, a gasa su a mayar, ta faɗa maka ko injinka na faɗin gaskiya.

Su ma mutanen CERN sun san da wannan matsalar. Tun wajen 2016 suke zama da likitocin Afirka, har da na Najeriya, a wani shiri da ake kira STELLA, don tsara linak da zai jure ɗaukewar wuta da zafi da ƙura, wanda kuma gyaransa ba sai an jira injiniya daga wata nahiya ba.

Ga ƙannenmu da ke karanta fiziks ko injiniyanci ko lissafi, waɗanda kullum ake ce musu ƙarshenta koyarwa ce a sakandare: abin bai yi muku nisa yadda kuke zato ba. A Zariya akwai cibiyar CERT ta ABU, inda tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, ke aiki tun 2004. A Ile-Ife, cibiyar CERD ta Jami'ar Obafemi Awolowo tana da injin kora ƙwayoyi mai ƙarfin bolt miliyan 1.7, kuma shi ma da maganaɗisu ake saita zarensa. Akwai makarantar fiziks ta Afirka da ake yi duk bayan shekara biyu, an fara a Afirka ta Kudu a 2010, aka yi a Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Ketevi Assamagan, ɗan Togo da ke aiki da ATLAS. CERN kanta tana ɗaukar ɗaliban jami'a na 'yan makonni a lokacin bazararsu, har daga ƙasashen da ba mambobi ba. Manhajar da ake zana injin da ita, MAD-X, kyauta ce, kuma manhajojin da masu awon LHC ke aiki da su an rubuta su da Python, suna nan a buɗe a GitHub. Da ƙaramar kwamfuta da cajin sola za ka iya jera maganaɗisu takwas a allo, ka ɓata ɗaya da gangan, ka ga yadda beta ke hargitsewa, sannan ka gwada gano mai laifin.

Aikin ma ƙaruwa zai yi. Ana shirin sabunta LHC ta yadda zai dawo wajen 2030 da sababbin maganaɗisun ƙarshe, a tsuke beta har santimita 15, rabin abin da aka saba a 'yan shekarun nan. A wannan matsin, kuskuren da yau ake kawar da kai a kansa sai an bi shi an gyara.

Nan za mu dakata. Wanda ke da ɗan uwa mai karatun kimiyya ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.